Hannun Dama Ya Dawo

Daren Laraba, Unguwar Rimi

Yau maigidana ya ci tuwo da hannunsa na dama. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ya ƙi ci da hagu, sai dai in ba shi a baki, yana kau da kai don kunya. Inshorar da ya shiga a ofis, wadda wansa Yaya Sani ya kira rashin tawakkali, ita ta biya mai gasa masa hannun.

Lomar farko ta faɗi a tabarma. Na miƙa hannu, ya ce, "Bari, Hajara." Ta biyu ta kai baki, miya har gemu, muna ta dariya.

Gobe Yaya Sani zai zo dubiya. Tuwo zan tuƙa, in haɗa su kwano ɗaya.