Kitsen Mayanka Ya Jawo Jini a Bakin Kududdufi

Anti mai ba da shawara, don Allah ki taimake ni kafin a yi kisan kai a gidana.

Mijina Maigandi yana kiwon tarwaɗa a wani kududdufi a bayan Kontagora, yayana Jumare ke kula masa. Da sanyin bana ya kankama, kifin suka rage ci. Maigandi, wanda ba a gaya masa ya ji, ya ce ai maiƙo ne maganin sanyi. Ya dinga kwaso kitse daga mayanka yana cakuɗawa da tunkuza, ya sa Jumare ya riƙa zubawa safe da yamma.

Aka wayi gari kifi sun taso ciki sama. Maigandi ya farke ɗaya, ya ga hanta ta kumbura ta yi fari, sai ya rantse guba Jumare ya zuba don hassada. Ya rufe shi da ƙotar fartanya, ya karya masa hannu, ya zubar masa da haƙora, ya danna kansa cikin ruwa har sai da masu wanki suka ɓamɓare shi. Ni na wanke jinin da ke rigar Jumare. Yanzu ƙannenmu na Dukku sun aiko cewa suna wasa adda. Haushin Maigandi nake ji kamar in shaƙe shi, amma wallahi ba na son ganin gawarsa.

Ƙanwar Jumare, Kontagora

Ƙanwata, ba guba ba ce. Jikin kifi zafin ruwa yake bi. In ruwa ya yi sanyi, narka abinci na yi masa wuya, kitsen da ya haɗiya ya taru a hanta, ragowar kuma ta ruɓe ta ɓata ruwan. Na san asara na gusar da hankali, amma ba ta halatta karya hannun suruki.

Yau ɗin nan ki sami babban da danginku ke jin nauyinsa ya tare ƙannenki. Sannan a kai mataccen kifi ga malamin gona, a farke shi a gaban Maigandi da shaidu. In Maigandi ya gani, ya je da ƙafarsa ya durƙusa wa Jumare, ya ɗauki jinyarsa. In ya ƙi, a kai ƙara gaban alƙali, ke kuma ki koma gida tukuna, domin hannun da ya danna kan yayanki cikin ruwa bai yi nisa da naki ba.

Allah ya ba Jumare lafiya, ya tsare ki.