Jan idon tsohuwar cikin fim

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Ya maigidan da yara, ya ruwan Fatakwal? Mu nan Toranke lafiya lau, gyaɗa ta yi kyau.

Fim ɗin mayun nan da muke bi a waya ya haɗa ni da Gwaggo Asabe. Tsohuwar da gari ya tsana, ashe ba ita ke kama kurwar yara ba, attajirin garin ne. Muna ɓarar gyaɗa Gwaggo ta ce, "Marubucin ya ɓata labari! Tsohuwa mai jan ido, tana magana ita kaɗai, ai mayya ce."

Na ce, "Gwaggo, tun kashi na farko an nuna hayaƙin murhu ke ja mata ido. Ku ne ba ku lura ba."

Sai Iya Gambo, maƙwabciyarmu da yara ke gudu, ta ɗago jajayen idanunta ta ce, "Ni ma ɗanyen itace nake hurawa."

Ina nan kan bakana. Gwaggo ma har yau cewa take marubucin bai iya ba, amma jiya ta aika wa Iya Gambo busasshen itace.

Ki gaishe da yara. Ki sa mu a addu'a, har da Iya Gambo.

Ƙanwarki,
Rabi