Wasiƙarki Tana Aljihuna

Auta,

Na fita kina barci, motar aiki ba ta jiran kowa.

Jiya kin ƙi cin abinci, wai ƙawar nan ta ƙasar waje da malamarku ta haɗa ku ta daina rubuto miki. Share hawayenki, ba ta manta da ke ba. Ɗazu Mamanki ta zazzage aljihun shuɗiyar rigata za ta wanke, sai ga wasiƙar da kika ba ni in kai gidan waya tun sati biyar. Ashe ita ma jiranki take yi.

Ki yi haƙuri. Yau ɗin nan zan aika, kuma na rubuta a bayan ambulan: "Babanta ne ya manta."

Ta gaba, Mamanki za ki ba.

Babanki