Layin Faruk

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

An rantsar da Alhaji Bashar shugaban ƙaramar hukuma a tutar jam'iyyarmu, Gatan Talaka. Na bi ƙauyukan Araba da Tozai ina karanta wa manoma ƙasidunta: kotu garkuwar mara ƙarfi ce, ƙuri'ar sirri kuma mutuncinsa. Alhamdu lillahi.

Alhamis, 16 ga Janairu

An garƙame rumfar Sahabi mai albasa, maƙwabcina a kasuwa, saboda ya tambayi shugaba a bainar jama'a dalilin korar kansilolin adawa. Na tabbatar masa kotu za ta share masa hawaye. Ni na raka shi.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Kotu ta ce a buɗe rumfar, ba a buɗe ba. Shugaba ya hau mota a bakin kasuwa yana cewa, "Alƙali yaz zaɓe ni ko ku?" Aka yi ta tafi. Na sake duba ƙasidun layi bayan layi, ban ga inda aka ce yawan masu tafi yana soke hukunci ba.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Sahabi ya fito takarar shugabancin ƙungiyar 'yan kasuwa, wadda ke rabon rumfuna, zai kara da Faruk, ɗan gaban goshin shugaba. An soke akwatin ƙuri'a. Kowa zai yi layi bayan wanda yake so, ido na ganin ido. Na je na yi wa shugaba bayani cikin ladabi. Ya yi dariya: "Malam, mi za ka ɓoye? Mai gaskiya ba ya rufe huska." Mutumin da na ƙarar da muryata dominsa.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Matata Raihana da take zuba mini tuwo: "Maigida, rumfa guda gare mu."

Lahadi, 23 ga Fabrairu

An yi zaɓen da hantsi. A bayan Sahabi ƙannensa ne kawai da wani tsoho mai goro. Yaran shugaba suna zagayawa da waya suna ɗaukar fuskoki. Faruk ya ci.

Layin Faruk ya bi ta gindin dogonyaro, akwai inuwa, ni kuwa tsayuwar rana tana tayar mini da hawan jini. Wannan ne dalilin da na tsaya can. Sahabi ya waiwayo sau ɗaya. Gobe zan shiga kasuwa ta ƙofar yamma, ta fi kusa da masallaci.