Gyaran da Sadiya ta yi wa Malam Ilu

Laraba da dare, Rano

Yau sababbin malaman da nake horarwa suka fara gwajin koyarwa: kowa ya fito ya koyar, sauran su yi masa gyara. A takarda dai tsarin ba laifi.

Malam Ilu, dattijon cikinsu, ya karance darasinsa bai ɗago kai ba. Na nemi gyara, mazan ajin suka duƙufa kallon takalmansu. Sai na kira Sadiya, wadda ta fi kowa iya riƙe aji. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Allah gafarta Malam, ba ka tambaye mu ko mun gane ba."

Ya yi murmushi. "Madalla, 'yata. Ba ke ce matar Habu na Fammar ba? Ai surukinki a bayana yake salla."

Surukin nan ne ya sa baki, da ƙyar, Habu ya bar ta ta koyar.

Bayan Azahar ba ta dawo ba, ga shi gobe ita ce a gaban allo. Ɗazu na kira wayarta. Namiji ne ya ɗauka. Ya tambayi sunana, ya maimaita shi a hankali, ya kashe.