Yaya, Cikin Sanyin Zan Tafi Mata

Zuwa ga yayata Hajiya Rabi, wadda ke kwance a maƙabartar Pauwa.

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayarta, da fatan kina cikin ni'imar Ubangiji, na rubuto ne in sanar da ke shawarar da na yanke. Na san ba za ki karanta ba. Masu karantawa su zama shaida, don na gaji da maimaita magana ɗaya ga duk wanda ya yi sallama gidana a Sheme.

'Yarki ta fari tana da ciki, haihuwa cikin Janairu in Allah Ya yarda. Kin san inda aure ya kai ta, Aberdeen, wani birni a bakin teku can ƙasar Scotland, inda mijinta Malam Nasiru yake aiki. Ba za ta iya zuwa wankan gida ba, ke kuma ba ki nan. To ni zan je in yi mata wankan jego, kuma cikin hunturunsu zan sauka.

Kowa ya ce tsufa ya fara taɓa ni. Malam Nasiru, Allah Ya yi masa albarka, ya zaunar da ni a waya ya karanta mini shekararsu kamar 'yar aji ɗaya. Wai mai son ganin gari ya zo tsakanin Yuni da Agusta. Lokacin rana takan daɗe har a ci tuwon dare da haske, ko'ina kore shar, mutane su fita bakin teku shan iska. Mayu ma ba laifi, furanni sun buɗe, sai dai iskar tana da ɗan cizo. Daga Oktoba ganye ya fara zuba, ruwa ya sako, ba irin namu mai tsawa da ke zuba ya wuce ba, yayyafi ne mai naci, yini guda. Disamba da Janairu kuwa ko 'yan garin ba su so. Gari ba ya wayewa da wuri, la'asar na wucewa duhu ya rufe, iska ta taso daga teku ta shiga ƙashi, hanya ta yi santsi da ƙanƙara.

Har ya ƙara da cewa azahar da la'asar da magariba kusan a jere suke zuwa, alwala ɗaya ta ishi mutum. Yo wannan ai rangwame ne ga mai ciwon gwiwa!

Gaskiya ya faɗa, ban musa ba. Duk wadda ta tambaye ni yaushe za ta je buɗe ido, zan ce ta bari sai Yuli, kuma ko a lokacin ta riƙe rigar sanyi. Amma ni, Yaya, ba teku zan je kallo ba.

Ita ma yarinyar taki bayan mijinta ta bi. Wai in bari sai rana ta fito musu, lokacin jariri ya yi wayo yana dariya, su zagaya da ni gari. Har hotuna ta turo mini, ga yashi, ga jiragen ruwa, ga wasu fararen tsuntsaye masu kama da ɓarayin kifi. Kara ce irin taki, ba ta bar komai ba. Ke ma ko ƙishirwa na kashe ki ba ki cewa a miƙo miki ruwa.

Ranar Juma'ar nan ta kira ni ta bidiyo. Mu nan rana da sauranta, ita tagar bayanta har ta fara duhu. Muna hirar duniya sai ta tambaye ni, wai idan za a yi wa jariri wanka, da wane hannu ake tallafe kansa. Ta yi dariya, ta ce tambaya kawai ta yi. Na kalli idonta na ga tsoro. Tun daga lokacin ban ƙara sauraren zancen Yuli ba.

Kin tuna lokacin da aka kawo ki gida Sheme goyon cikinta? Da sanyi ne shi ma. Ina budurwa, ni ce mai itace, ni ce mai jan ruwa. Safe da yamma ina hura wuta ƙarƙashin ƙatuwar tukunyar nan, Innarmu na tsoma ganyen runhu tana fyaɗa miki, kina cije leɓe kina cewa: "Binta, ke ma ranarki na zuwa."

Kin tuna yadda kike kau da kai idan aka miƙo miki ita gaban mutane? Kunyar 'yar fari. Ba ki ɗaukarta a tsakar gida, ba ki kiran sunanta, sai dai "yarinyar nan". Haka ta tashi, haka ta yi aure. Ta san al'ada ce, amma sani ba ya hana zuciya nema. Ni kuwa na ga abin da ba ta gani ba. Wata safiya na shigo da kunun kanwa ban yi sallama ba, na tarar kin kifa hancinki a kanta kina shinshina, kina hawaye. Kika ce in na faɗa wa kowa sai kin karya ni.

Shiri ya yi nisa. Na daka yaji, na niƙa garin kunu, na sayi safa da wata riga mai nauyin buhun masara. Malam Nasiru ya ce ma'aikatan filin jirgi ba lalle su bar ni in wuce da ganye ba. Su riƙe, hannuna dai ba za su ƙwace ba. An ce ruwan zafi daga famfo yake fitowa, ba itace ba hayaƙi. An ce likitocinsu ba su son ruwa mai ƙuna da kanwa mai yawa. Zan sassauta, ba faɗa zan je yi ba. Amma zan gasa mata jiki, in dama kunu, in karɓi jaririn ta samu barci, har mu yi arba'in. Gwiwar nan in ta ga dama ta yi ta kuka, tare za mu hau jirgi.

Akwai kuma abin da zan kai mata wanda ba ya shiga akwati. Ranar da za ki cika, tana can, ba ta samu zuwa ba. Kin kama hannuna, muryarki ta yi ƙasa, kika ce: "Binta, ki riƙe mini Hafsatu." Hafsatu, da bakinki. Sau ɗayan nan ne na taɓa ji.

Ban faɗa mata a waya ba, ba maganar waya ba ce. Sai na zaunar da ita, na ɗora mata ɗanta a cinya, duhun nan nasu ya rufe taga, sannan in gaya mata cewa uwarta ta kira sunanta. Wannan saƙo ba zai jira rana ta fito ba.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya, Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata miki shi. Allah Ya sauki Hafsatu lafiya, Ya kai ni gare ta da ƙafafuna, Ya sada mu da ke a Aljanna. Amin.

Ƙanwarki mai hura miki wuta,
Binta, daga Sheme.