Baba Sikeli, Na Je Garinku

Zuwa ga Baba Sikeli, a gidansa na bakin kogi, Haɗeja.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da gwiwar nan taka da ba ta shiri da damina. Ni ne Habu, ɗanka na fagen ƙwallo, wanda aka turo ƙasarku Sikotilan koyon gyaran injin jirgin ƙasa. Ina nan ruwa yana dukana safe da yamma, rana kuwa sai dai a ba ka labarinta.

Ranar da ka raka ni tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori, ka ce in je garinku in dubo maka ko da sauran wanda ya san ka, domin kana tunanin sayar da gida ka koma can ka ƙarasa kwanakinka. To, Baba, na je.

Amma bari in fara da abin da ka yi mana. Ka zo ƙasarmu kana yi wa kamfani awon gyaɗa a kan sikeli, har sunanka na yanka ya ɓace, Sikeli ya zauna. Da la'asar sai ka gangaro fadama inda ruwa ya janye, ka same mu muna ɗirka ƙwallo sama kamar masu korar tsuntsaye a gonar shinkafa. Ka kafa mana doka: duk wanda ya buga ta ta faɗa kogi, shi zai tuɓe ya ɗauko. Ruwan da na sha a wajen nan, Allah kaɗai ya sani. Dole muka koyi miƙa ta a ƙasa, ƙafa zuwa ƙafa. In ɗayanmu ya riƙe ta, sai mu ji ka da Hausarka mai gargada: "Ba shi mana, ai ba matarka ba ce!"

Ka ce mana haka ake wasa a garinku, kuma saboda wannan ne masu masaƙun Ingila suka fid da kai daga ramin haƙar kwal don ka buga wa ƙungiyarsu, ka zama mai cin abinci da ƙafarsa, a zamanin da dattawanku ke ganin karɓar albashi don wasa abin kunya ne. Ka yi shekarunka jama'a na kiran sunanka. Da gwiwa ta goce, aka ba ka hannu, aka nuna maka ƙofa.

Na sami garin. Filin da ka fara wasa an malale shi da kwalta, motoci ke kwana a kai. A ofishin ƙungiyar garinku wani saurayi ya saurare ni da ladabi, ya ba ni shayi, ya ce bai taɓa jin sunanka ba. Wani tsoho a bakin titi ya ce kamar ya taɓa ji, amma na lura don ya faranta mini ne. Gidanku kuwa baƙi ne a ciki, ta taga suka leƙo ni.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Ƙasar nan ta ci ƙuruciyarka ta share baki. Sai dai in za a faɗi gaskiya, ba mugunta ba ce, mantuwa ce irin ta ɗan'adam. Mu ma wa ya riƙe sunan wanda ya haƙa rijiyar unguwarmu? Ni dai ba na kuka da su. Ran Asabar nakan shiga kallon wasa, in ga suna miƙa wa juna a ƙasa, sai in ji sanyin ya ragu.

Baba, a nan tsoho yakan rasu a ɗakinsa, ba a sani ba sai kwalaben madarar da ake kawo masa kullum sun taru a ƙofa. A Haɗeja kuwa, in hantsi ya yi ba ka fito ba, Iya Dije maƙwabciyarka za ta ɗaga murya ta kan katanga, masuntan Kirikasamma su tsaya da kifinsu suna tambayar ko lafiya. Magidantan da ke rusuna maka a kasuwa, rabinsu kai ka koya musu gudu.

Kada ka sayar da gidan nan. Ka aike ni neman mutanenka, na duba iyakar iyawata, ban same su a nan ba. Suna can Haɗeja kewaye da kai.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sassauta maka ciwon gwiwa, ya haskaka zuciyarka, ya sa in dawo in same ka a kan kujerarka. Amin.

Naka har kullum,
Habu.